Ragowar ulu da kunyar zuwa suna

Da zarar sanyin hunturu ya fara shigowa Keana, matan unguwarmu sukan ɗauko tsinken saƙa da kwarashi. Safar jarirai, hula, 'yar rigar sanyi, duk a tsakar gida ake yin su. Mu masu sayar da ulu mun san lokacin, don kafin Disamba sai mun ƙaro kaya daga Lafiya, wani lokaci ma daga Kano. Amma dunƙulen ulu ba ya ƙarewa daidai da safa. Kullum sai an bar guntu: ja kaɗan, fari kaɗan, shuɗi ɗan mitsitsi. Wasu su cusa a tsohuwar langa, wasu yara su yi wasa da shi har a share.

Akwai wata matsala a unguwar nan da muke ganin wannan guntun zai iya rage ta. Mu da ake kira raɗin suna da ɗaurin aure muna lura da waɗanda suka zo, muna kuma lura da waɗanda ba su zo ba. Sau da yawa wadda ba ta zo ba, ba gaba take yi da kowa ba. Abin hannunta ne kaɗan. Tana da sabulu ɗaya ko 'yar kwalbar turare, ga maƙwabciya za ta shiga da turmin atamfa. Sai ta ga in ta miƙa nata a baƙar leda a gaban mata, za a kalle ta. Sai ta zauna a gida ta ce kanta ke ciwo. Mai jego kuwa ta riƙe a zuci cewa wance ba ta zo ba. Haka zumunci ke tsinkewa, ba faɗa ba zagi.

Mun ga wasu iyayenmu mata sun samo dabara. Sukan haɗa guntayen nan su saƙa 'yar jaka wadda ba ta wuce tafin hannu ba, mai zariya a baki irin ta wando. A sa sabulun ko turaren a ciki, a zuge. To kun ga, yanzu kyauta ta zama biyu. Wadda aka ba ba za ta tsaya lissafin kuɗin sabulu ba, za ta juya jakar ta ce, “Kai, Yaya, ke kika yi wannan da hannunki?” Ai shi ke nan, an fita kunya. Dama Hausawa sun ce ƙaramin goro ya fi babban dutse.

Mun tambayi masu yi yadda aikin yake, ga abin da suka faɗa mana. Da kwarashi ya fi sauƙi. Daga gindi ake farawa, a yi ɗan zobe, a riƙa ƙara ido ana zagayawa har faɗin ya kai yadda ake so. Daga nan a daina ƙari, a ci gaba da zagaye, sai jikin ya tashi tsaye da kansa. In launi ɗaya ya ƙare a ɗaura wani, a tura ƙullin ta ciki. Sharaɗi guda: a haɗa zare mai kauri ɗaya, in ba haka ba jakar za ta karkace. Kusa da baki a bar ƙananan ramuka a jere. Sai a murza zariya biyu, a zura ɗaya ta dama ɗaya ta hagu, yadda in an ja su tare bakin zai tsuke. Mai hannu takan gama guda tsakanin la'asar da isha, tana hira.

Yawancin ulun da muke sayarwa yau na roba ne, ba gashin tumaki ba, don haka yana wankuwa, amma a nisanta shi da garwashi. Jakar ta dace da carbi, tozali, dabino, ko kuɗin goron sallah na yara. Goro kam a bar shi a ganyensa, don zai bushe a ciki. In gishirinmu na Keana za a kai tsaraba Kano ko Zariya, a fara zuba shi a kwalba a rufe, saboda gishiri na jan laima.

Zaman garin nan ma ya isa ya koya mana darajar abu kaɗan. Matan Alago, masu masaukinmu, ƙasa suke tacewa su dafa ruwan har gishiri ya fito, kuma wannan gishirin ne ya jawo fatake Hausawa zuwa nan da Awe da Azara tun kafin zuwan Turawa. Abin da wani zai taka ya wuce, su da shi suka riƙe gida.

Ga kuma maganar leda. Kowa ya ga yadda take toshe kwata da damina, da yadda awaki ke cinta su lalace. Ruwanda ta hana ta a 2008, Kenya ta bi a 2017. Mu ba mu kai nan ba, amma jakar da za a yi shekara ana amfani da ita ta fi ledar da za a yar kafin magariba.

Roƙonmu uku ne. Masu saƙa, kada ku zubar da guntu. Wadda ba ta bukata ta ba maƙwabciya. Malaman Islamiyyar mata, ku duba ko za a ware ɗan lokaci a koya wa 'yan mata. Mu kuma 'yan kasuwa, mu karɓi jakunkunan daga hannun zawarawa da masu riƙon marayu mu rataye a shago, mu biya su a kan lokaci ba tare da ja-in-ja ba.

Ke kuma 'yar'uwa da kike shirin fakewa da ciwon kai ranar sunan gidan maƙwabta, ɗauko langar guntayenki tun yau. Allah Ya sa albarka a hannuwanku, Ya ƙara mana zumunci.