Allurar Gejin Mai: Tsakanin Birnin Kano da Birmingham

A gidanmu da ke cikin birni, tsakanin Mandawari da Kasuwar Kurmi, akwai wani tsohon babur roba-roba da na tashi na tarar da allurar gejin mansa a kwance. Ban taɓa ganin ta motsa ba, ban kuma taɓa jin wani ya ce a gyara ta ba. In Baba zai fita, sai ya girgiza babur ɗin ya kasa kunne. Ƙarar mai a tanki ita ke gaya masa ko zai kai Ƙofar Wambai ya dawo. In ya yi shakka, ya ɗaga sit, ya buɗe murfi ya leƙa. Masu Jincheng kuwa famfon mai ne gejinsu: babur na fara shessheƙa, sai a murɗa shi zuwa rizab, a nufi ɗan bumburutu mafi kusa.

Da na zo Birmingham ta ƙasar Ingila, sai na ga maƙwabcina, wani dattijo ɗan fansho, ya ɓata wunin Asabar guda a kan allurar tsohuwar Hondarsa ta shekarun 1980. Na tambaye shi me ya sa ba zai sayi sabon geji ba. Ya ce ai bai san ko gejin ne mai laifi ba tukuna.

Ya nuna mini cewa abu uku ne ke aikin tare. A cikin tanki akwai wani ɗan kumbo da ke yawo a kan mai, wanda kanikawanmu ke kira fulot, maƙale da siririn ƙarfe mai goga wani naɗin waya. Akwai wayar da ta taso daga nan, sannan gejin kansa. Ya fara da duba fiyus. Daga nan ya zare soket ɗin wayar tanki, ya kunna makulli, ya taɓa wayar da ƙarfen jikin babur na daƙiƙa ɗaya kawai. Allura ta miƙe zuwa cike. Wannan ya wanke geji da wayarsa. Sai ya cire kan batir, ya tsiyaye man a fili inda iska ke kaɗawa, ya zaro fulot ɗin ya girgiza ya ji ko ya huje ya sha mai. Ya sa masa mitar awon lantarki yana ɗaga shi a hankali. A yawancin baburan Japan, mitar kan nuna ƙasa da om 10 in tanki ya cika, kusan 100 in ya ƙare. In lambobin suna tsalle ko suna ɓacewa, naɗin wayar ya cinye. Nasa lafiya lau yake. A ƙarshe, koren tsatsa ya samu a inda wayar at (earth) ke haɗuwa da jikin babur. Ya goge da sanfefa, allura ta farfaɗo, bai kashe ko sisi ba.

Abin da ke kashe geji a nan ba shi ke kashe shi a gida ba. A Ingila ana ajiye babur watanni a lokacin sanyi, raɓa ta taru a tanki, gishirin da ake watsawa a titi saboda ƙanƙara ya ci bakin wayoyi. Tun watan Satumba na 2021 kuma fetur ɗin da aka fi sayarwa, E10, yana ɗauke da sinadarin etanol har kashi 10 cikin 100, mai jawo danshi da taurara tsofaffin robobi. A Kano kuwa ƙurar hunturu ce, da jijjigar gargada, da ruwan damina da ke kwanciya a lunguna, da dattin man jarka.

Ban ɗauki watsi da muka yi da geji a matsayin sakaci ba. Wanda ke sayen man ɗari biyar kullum safiya ya san abin da ke tankinsa, kuma a cikin ganuwa ba a tafiya mai nisa ba tare da an ga kwalbar mai a kan benci ba. Maƙwabcina ba shi da wannan gata. In mansa ya ƙare a babbar hanya, babu mai jarka, sai ya kira motar ja, kuɗin bakanike kuma da awa ake lissafa shi.

Sai dai zamani ya juya. Kafin 29 ga Mayu, 2023, ranar da aka sanar da cire tallafi, litar fetur ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. Cikin 'yan kwanaki ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Yanzu geji mai aiki shi ke tona asirin kabureta mai shan mai fiye da ƙima, ko tiyo mai ɗiga a ɓoye. Kunne ba ya jin wannan. Ga kuma haɗarin leƙa tanki da dare, wanda har yau wasu ke yi da hasken ashana.

Kanikawan Kano ba su da na biyu wajen raya abin da wasu ƙasashe suka jefar. Na ga mai wayarin da ya sake naɗa kwayil da hannu a gindin bishiya. Abin da ke damuna shi ne yawan jin "Oga, sai dai a canja," tun kafin a auna komai, a tura mai babur neman kayan da wataƙila ba su ne suka mutu ba. Yaron da aka koya wa sifana zai iya koyon mita cikin mako guda, kuɗinta kuwa bai kai na cika tanki sau biyu ba.

Na riga na sayi mita guda ɗaya na sa a jaka. In Allah ya kai ni gida da Sallah, ni da yaron bakaniken unguwarmu za mu fito da babur ɗin Baba daga zaure, mu fara da fiyus.