Mahmud ya mutu, Ibro ya rasu

Bahaushe yana da kalma biyu ga abin da wasu ke kira da kalma ɗaya. Akuya mutuwa take yi, fitila ta mutu, kasuwa ta mutu, aure ma ya mutu. Amma mutum ɗan'uwanka rasuwa yake yi, domin an rasa shi ke nan. Wurin da na fi ganin nisan da ke tsakanin kalmomin nan shi ne gaban akwatin talabijin, a tsakar gidanmu a Rimaye, inda matan unguwa ke shimfiɗa tabarmi bayan isha'i tun da ƙanen maigidana ya haɗa mana tauraron ɗan'adam da sola.

Shirin Labarina na Aminu Saira ya fara fitowa a tashar Arewa24 a 2020, kuma bai daɗe ba ya zama abin da ake gaggauta tuwon dare dominsa. Mahmud, wanda Nuhu Abdullahi ya fito a matsayinsa, shi ne ɗan lelen tabarmarmu. Da Nuhu ya bar shirin, sai aka kashe Mahmud a cikin labarin. A daren an yi salati, an yi tsaki, wata ma ta share hawaye da gefen mayafi. Amma da na saurara da kyau, abin da ya cika tsakar gidan fushi ne, ba baƙin ciki ba. Kowa tana da wanda take ɗora wa laifi: wannan ta ce mai shirin ne ya cuce mu, waccan ta ce ai yaron ne ya yi girman kai. Mutum ɗaya ce ta ce "Allah ya jiƙan Mahmudu", Gwaggo ce, yayar surukata, kuma 'yan mata suka yi ta dariya har suka nuna mata hotonsa a waya yana raye yana murmushi. An yi rantsuwa a daren an daina kallo. Mako na zagayowa tabarmi suka cika, har da wadda ta fi kowa rantsuwa.

Sumayya kuwa ba ta kasuwa, don ita ce ƙashin bayan labarin. Da Nafisa Abdullahi ta sanar a 2022 cewa ta bar shirin saboda harkokinta sun yi mata yawa, sai aka kawo Fati Washa ta ɗauki sunan da matsayin. Duk matar da ta taɓa shiga gidan da wata ta fita ta san abin da Fati ta tarar. An auna tafiyarta da ta waccan, an auna kukanta, an auna har yadda take ɗaura ɗankwali. "Wannan ba Sumayya ba ce," in ji tabarma baki ɗaya, kamar yaran gida sun ga amaryar ubansu a ɗakin uwarsu. Ni dai tausayinta na ji. 'Yar wasa ce da ta yi suna tun kafin Labarina, amma aka sa ta biyan bashin da ba ita ta ci ba. Masu shirye-shiryen Indiya da ake fassara mana sun fi mu dabara a nan: sai a yi hatsarin mota, a naɗe fuska da bandeji, likita ya kwance, sabuwar fuska ta fito, kowa ya haƙura. Daga baya dai Labarina ya bi hanyar da na fi ganin hikimarta, ya rufe wancan labarin ya buɗe wani sabo fil da Sadiq Sani Sadiq. Sunan shirin ma ya ba shi dama, tunda kowa da labarinsa.

Akwai wata fitar da ba a yi wa fushi a gidanmu, ita ce ta aure. A finafinan Hausa aure ya fi komai ɗauke 'yan wasa mata. Lokacin da Maryam Waziri, Laila ta Labarina, ta auri tsohon ɗan ƙwallo Tijjani Babangida a 2021, babu wadda ta yi tsaki. "Allah ya ba da zaman lafiya," shi ke nan, aka ci gaba da ɓare gyaɗa.

Duk waɗannan mutuwa ce irin ta fitila, ana iya sake kunnawa. Rasuwa daban take.

Ina budurwa labarin Ahmad S. Nuhu ya iso mu ta rediyo, hatsarin mota ranar 1 ga Janairun 2007. Bayan shekara uku, a irin wannan rana ta farkon shekara, Hauwa Ali Dodo, wadda muke kira Biba, ta bi ta hanyar hatsari ita ma. Sai Rabilu Musa Ibro, ranar 10 ga Disamban 2014. A irin waɗannan ranaku ba a samun wanda za a zaga. Ba darakta, ba marubuci. Wanda ya karɓi abinsa ba a yi masa gardama. Mutanen da ba su taɓa zuwa Kano ba, ba su san hanyar Ɗanlasan garin su Ibro ba, suka riƙa yi wa juna gaisuwa a bakin rijiya kamar ɗan unguwa aka rasa.

Kuma ba wanda ya yi tunanin a kawo wani Ibro. Sumayya riga ce, wata ta tuɓe wata ta sa. Ibro kuwa sunansa ne a kan fim ɗin, Ibro Awilo, Ibro kaza, Ibro kaza. Shi ne rigar, shi ne mai rigar. 'Yan barkwanci ba su ƙare ba, ga Bosho, ga Ɗan Auta, ga Daushe, kowa da nasa gishirin. Amma duk wanda ya gwada maƙale murya irin tasa yana zare ido irin nasa, sai ka ji tsakar gida ta yi shiru, irin shirun da ake yi idan baƙo ya zauna a kan buzun marigayi. Haka surukina, mahaifin maigidana, ya ji da Samanja Mazan Fama, Usman Baba Pategi, ya rasu a Kaduna a Nuwamban 2023. Shi da ba ya zaman kallo da mu, ranar ya daɗe riƙe da rediyonsa yana ba jikoki labarin yadda ake taruwa sauraron Samanja tun gidan da ke da akwatin talabijin a gari ba ya wuce a ƙirga da yatsu.

Rasuwar da ta fi girgiza tabarmarmu ita ce ta Saratu Giɗaɗo, Daso, ranar 9 ga Afrilun 2024, ana jajiberin ƙaramar salla. Shekara da shekaru Daso na fitowa a muguwar uwar miji, muguwar kishiya, mai zuwa wurin boka, kuma shekara da shekaru matan gidanmu na tsine mata. Gwaggo ce kan gaba. Ko hotonta ta gani sai ta ce "ga azzalumar nan". Da aka ce mata Daso ta rasu, ta yi sahur ta koma ta kwanta ba ta tashi ba, sai Gwaggo ta ajiye tsintsiyar da ke hannunta ta zauna a kan turmi. Can ta ce da ni: "Ke 'yar nan, na zagi baiwar Allah nan da yawa, ita kuwa ba ta san ni ba. Yanzu wa zan nemi gafara a wurinsa?"

Na daɗe ina juya wannan tambaya. A wurin jana'iza ana tambaya ko akwai mai bin mamaci bashi, ana roƙon a yafe masa. Ba a tambayar waɗanda mamacin ke bi. Ɗan wasan da ya iya fitowa a mugu, ladan iyawarsa shi ne zagi daga mutanen da bai taɓa gani ba, kuma gwargwadon ƙwarewarsa gwargwadon zagin. Gwaggo ta warware nata da kanta: ranar salla ta ware kwanon tuwo ɗaya ta ba almajirai da niyyar Allah ya kai ladan kabarin Daso. Ba ta tambayi kowa ba.

Daga nan sai gardamar da har yau ba ta mutu a gidanmu ba: shin a ci gaba da kallon wanda ya rasu? Maigidana yana ganin a kashe akwatin. Hujjarsa ita ce duk rawar da mamaci ya taka da duk waƙar da ya hau, kowane sabon kallo ƙarin kaya ne a kansa, shi kuwa ba shi da ikon tashi ya goge. Inna, mahaifiyarsa, ba ta yarda ba. Ta ce ranar da aka yi mata rasuwar ɗanta na fari, wata biyu ba ta yi dariya ba, kuma Ibro ne ya fara buɗe mata baki. In wannan ba alheri ba ne, a gaya mata sunansa. Don haka idan ya bayyana sai ta ce "Allah ya jiƙanka Rabilu", sannan ta yi dariyarta har da tari. Fatawa ta malamai ce, ni ba malama ba ce. Abin da na tsayar wa kaina dai shi ne ina kallon wasan, ina tsallake rawa da waƙar duk wanda ya riga mu gidan gaskiya, kuma ba na tura wa kowa hoton mace mamaciya ba mayafi. Masu yanka bidiyon mamaci su ɗora masa kiɗan tausayi a TikTok tun ba a dawo daga maƙabarta ba kuwa, kowa ya san mabiya suke nema, ba addu'a ba.

Su masu shirya dogon shiri, wanda ake bi mako-mako shekara da shekaru irin Daɗin Kowa da Kwana Casa'in, nauyinsu ya fi namu, domin shirin da ya daɗe dole wata rana ya rasa wani. Roƙona gare su shi ne kada a ce mana "ya yi tafiya". Mun ji sanarwar jana'izarsa a rediyo, wasu ma sun bi gawarsa. In aka ce ya tafi Legas neman kuɗi, an mai da mu yara. A bar mutanen cikin labarin su yi zaman makoki, su yi kukan da dama yana cikin ƙirjinsu, mu ma mu taya su daga kan tabarma. A Amurka, da Chadwick Boseman ya rasu a 2020, masu fim ɗin Black Panther ba su ɗauko wani ya maye gurbinsa ba, sai suka buɗe kashi na biyu da rasuwar sarkin da jana'izarsa. Wannan ya fi kwanta mini a rai fiye da abin da aka yi da Paul Walker, wanda ya rasu a 2013 ana tsakiyar ɗaukar fim, aka ƙarasa da 'yan'uwansa da fuskar da kwamfuta ta haɗa. Samarin gidan kallo sun yaba, amma ban ga yadda za a ta da fuskar Daso da na'ura a sa mata maganar da ba ta faɗa ba, Gwaggo ta zauna ta kalla.

Sai batun da ba a son taɓawa, na kuɗi. Fim ɗin mamaci ba ya daina kawo riba don mai shi ya kwanta dama. Yana nan a YouTube, ana kallo, talla na shiga. Nawa ne ke isa hannun marayunsa? Abdullahi Shu'aibu Karkuzu ya ba iyayenmu dariya tun shekarun 1980, amma kafin rasuwarsa a Jos a 2025 sai da aka yi ta yawo da bidiyonsa ana nema masa taimako, ga tsufa ga rashin gani. Mu masu kallo ma ba mu fita ba. Yawancin abin da muke kallo a ƙauye daga wurin mai cajin waya muke karɓa, ya tura mana a memori a kan 'yan canji, kuma ko sisi ba ya komawa ga wanda ya yi wasan, balle iyalinsa.

A irin wannan turin ne ɗana na biyu, wanda aka haifa shekara biyu bayan rasuwar Ibro, ya san shi. Ya haddace tafiyarsa, yana yi wa ƙannensa suna faɗuwa don dariya. Kwanan baya ya dawo daga wurin mai caji yana ƙorafi wai duk tsofaffi ake tura masa, yaushe Ibro zai fitar da sabo? Na buɗe baki ke nan Inna ta riga ni. Ta jawo shi jikinta ta gaya masa Ibro ya rasu tun ba a haife shi ba, ta koya masa addu'ar da ake yi wa mamaci, ta sa ya maimaita sau uku. Sannan ta ce ya kunna mata wanda ya samo.