Na Gina Ɗakunan Wanka Huɗu, Na Manta da Ruwan Zafi

Sa'ad da Allah ya ba ni ikon gina gida a Lambara, a yankin Boɗinga da Shagari, mu goma sha huɗu ne, har da tsohuwata da jikoki. Na ce wa magini ya yi mana ɗakunan wanka huɗu, kowane a kusurwarsa. Ya ce, "Malam, ina za a riƙa ɗora ruwa?" Na yi dariya, gama a watan Afrilu muke, ruwan randa ma kansa da ɗumi.

Disamba ta zo da hunturu. Mai ɗakina da 'yan mata suka shiga tashi tun da asuba suna hura wuta. Itacen mako guda ya koma na kwana uku. Surukata kuma ta haihu, ga ruwan wankan jego safe da yamma. Kowane bokiti sai an ratsa tsakar gida da shi daga madafa.

Wata safiya 'yata tana ɗauke da tafasasshen ruwa, jikana mai shekara uku ya sheƙo a guje ya yi karo da ita. Ruwan ya zuba masa a kafaɗa. Allah ya ji tausayinmu ya warke, amma tabon yana nan. Da dare mai ɗakina ta ce, "Maigida, ba laifin yarinyar ba ne." Ban amsa ba, domin na san ko na wane ne. Na tuna da misalin Ubangijinmu Yesu a cikin Luka sura 14, na mai ginin hasumiya da bai yi lissafi ba. Ni na lissafta bulo da kwano, ban lissafta wahalar matan gidana ba.

Sa'an nan na zauna na yi lissafin da ya kamata in yi tun farko. In kowa zai sami lita 10 na ruwan zafi ya sirka, muna bukatar lita 140. Duro ɗaya yana cin wajen lita 200. Muka shafa masa baƙin fenti, gama baƙin abu ya fi shan rana, muka aza shi a inda rana take wuni, kusa da ɗakunan wanka biyu. Kafin la'asar ruwan ya yi ɗumi, amma da dare yakan huce. Saboda haka yara suka koma wankan yamma. Wutar safe ta zama ta Inna da mai jego kaɗai, muka kuwa gina musu murhu a gindin ɗakin wankansu.

Masu hali suna iya sa na'urar ɗumama ruwa da rana, irin wadda Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, wadda aka kafa a 1982, ta yi aiki a kanta. Tankinta yakan zauna sama da farantin, domin ruwan zafi hawa yake yi da kansa. Ku haɗa ɗakunan wanka baya da baya, gama ruwa yana hucewa a cikin dogon bututu.

Abu biyu kuma nake roƙonku. Ku fara zuba ruwan sanyi a bokiti kafin na zafi, ku gwada da gwiwar hannu. Kada kuma ku kwana da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki: iskar da yake fitarwa ba ta da wari, tana kuwa kashe mutum a cikin barci.

Ya ɗan'uwa mai shirin gini, kafin a ja igiya, kira uwargida ku zauna. Ita ta san inda ruwa yake bi a gida. Da na tambayi tawa, da jikana ba shi da tabo yau.