Kitsen da Ido Ba Ya Gani



Da wuya baƙo ya sauka Tamanrasset ba a kai shi cin mainama ba, gasasshen naman nan da mutanen gari suka ari sunansa daga bakin Hausawa. Abin alfahari ne gare mu. Sai dai mu da muke cinsa da kitsensa safe da yamma, ya kyautu mu san abin da yake bari a jijiyoyinmu.

Kolestarol wani maiƙo ne mai yawo cikin jini. Jiki na bukatarsa, hanta ce ma ke samar da mafi yawansa. Iri biyu likitoci suka fi dubawa: LDL, wanda idan ya yi yawa yake liƙewa a bangon jijiya har hanyar jini ta ƙuntata, da HDL, mai kwashe rara ya mayar hanta. Idan jijiyar zuciya ta toshe, sai bugun zuciya; idan ta ƙwaƙwalwa ce, sai shanyewar ɓarin jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cututtukan zuciya da jijiyoyin jini sun kashe mutum miliyan 17.9 a shekarar 2019.

Mahaifina siriri ne, sau biyar yake takawa zuwa masallaci kowace rana, bai taɓa kukan ƙirji ba. Amma da aka auna jininsa, sai aka tarar kolestarol ɗinsa ya zarce giram 2 a lita, iyakar da ake so baligi ya tsaya ƙasa da ita. Likita ya ce wannan abu ba ya ciwo, ba ya ba da alama, kuma wani gadonsa yake yi.

Tun daga ranar tukunyarmu ta sauya. Ana yanke kitse kafin gashi, man zaitun ya karɓi gurbin man shanu, wake da kuɓewa da furar gero suka yawaita, soye-soye suka koma na baƙi. Ƙwayar statin da aka rubuta masa kuwa, ba ya ƙetare ta ko cikin azumi. Bayan buɗa baki yake sha, bisa shawarar likitansa.

Ya ku iyaye, jiki amana ne, neman magani kuma ba ya warware tawakkali. Wanda ya kai shekara 40, ko mai hawan jini, ko ciwon sukari, ko wanda bugun zuciya ya ɗauki wani nasa da ƙuruciya, ya je a auna jininsa, ya tafi da uwargida.

Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, amin.