Ciwon cikin da asibiti bai gano ba

Watanni biyun farko da autana ya yi a aji ɗaya na firamare, kusan kullum da safe sai ya dafe ciki ya ce yana masa ciwo. Na kai shi asibiti a nan Jimeta, aka yi gwajin zazzaɓin cizon sauro da na tsutsar ciki, ba a ga komai ba. Daga baya na lura ranar Asabar da Lahadi lafiyarsa ƙalau.

A Dubeli muke zaune. Kakarsa ce ta raine shi, ita kuwa Fulatanci take yi masa. A layi yana Hausa da 'ya'yan maƙwabta, akwai Bacama, akwai Margi da Kilba, wasu iyayensu sun zo ne a 2014 lokacin da Boko Haram ta tarwatsa mutanen Mubi da Madagali. A aji kuwa Turanci zalla.

Da na je makarantar, malamarsa ta ce min, "Hajiya, yaron nan taurin kai gare shi. In ina magana ba ya kallona, sunkuyar da kai kawai yake yi." Jikina ya yi sanyi, don mu muka koya masa haka. A gidanmu yaro ba ya ƙura wa babba ido. Abin da muke kira kunya, shi ake dukansa a kai.

A zango na biyu aka ba su wata malama. Ba Bafillatana ba ce, amma ta sa kowane yaro ya yi ƙirga da harshen gidansu. Nawa ya miƙe: go'o, ɗiɗi, tati, nayi, jowi. Da ya kai shida ya ce joweego'o, sai ta tsayar da shi ta tambayi ma'anarsa. Ya ce biyar da ɗaya. Ta rubuta 5 + 1 = 6 a allo, ta ce, "Ashe tun daga gida ka iya lissafi." Daga nan da kifin kogin Binuwai da kuɗin Keke Napep take ba su misali, sannan ta ɗora kalmar Turanci a kai. Kafin wata ya zagayo ciwon ciki ya ɓace.

Wannan hanya ba sabuwa ba ce. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko na yankin da yake zaune. Tun 1970 kuma Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci wani gwaji a Ile-Ife, inda aka koyar da yara da Yarabanci tsawon shekara 6, kuma ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba.

Na san babu malamar da za ta iya duk harsunan Jimeta. Tamu ma ba ta iya ba, tambaya kawai ta yi. Mu iyaye ma da laifinmu: ni kaina na zaɓi makarantar ne don na ji an hana yara yin yarensu.

Idan yaronki yana kukan ciwo duk safiyar makaranta, ki fara kai shi asibiti. In ba a ga komai ba, ki zaunar da shi, ki tambaye shi abin da ke faruwa a aji, da harshen da ya fi sakin jiki da shi.