Daga Fas Zuwa Marrakish: Tafiyar Miji Da Mata Ana Auna Ta Da Kwana

Bahaushe matafiyi ne tun asali, amma yawancin tafiyarsa shi kaɗai yake yin ta. Ya je fatauci, ya je ziyara, ya je taro, ya komo wa iyali da tsaraba da labari. A 'yan shekarun nan an fara samun magidanta da ke ware kuɗi da lokaci domin su fita ganin duniya tare da matansu, kuma wannan abin yabo ne. Sai dai da yawa suna tsara tafiyar mutum biyu da ma'aunin tafiyar ɗan kasuwa, wato a taɓa gari goma cikin kwana biyar a dawo. Ni da maiɗakina muna shirin zuwa Maroko a watan Oktoba, kuma abin da shirin ya tabbatar mana shi ne, irin wannan tafiya da yawan kwanan da aka yi a wuri ake auna ta, domin a nan ne ake samun abin da aka fito nema.

Hanyar da muka zaɓa tsohuwar hanyar fatake ce. Za mu sauka Kasabalanka, mu hau jirgin ƙasa na kimanin awa huɗu zuwa Fas, daga can mu gangara kudu zuwa bakin Sahara, mu juyo yamma mu haura duwatsun Atlas mu ƙare a Marrakish. Kamfanonin yawon buɗe ido suna sayar da wannan zagaye a kwana uku. Daga Fas zuwa Marzuga kusan kilomita 470 ne, daga Marzuga zuwa Marrakish kuma fiye da 550, a kan hanyoyi masu lanƙwasa cikin duwatsu. Wanda ya raba wannan a kwana uku ya biya kuɗin zama a mota ne. Mu kwana goma muka ware.

Uku daga ciki na Fas ne, kuma ba su yi mata yawa ba. Idrisu na Farko ya aza harsashin birnin a 789, ɗansa Idrisu na Biyu ya faɗaɗa shi. Tsohon birnin lunguna ne dubbai da mota ba ta shiga, jakuna da alfadarai ke ɗaukar kaya har yau. A cikinsa masallacin Ƙarawiyyin yake, wanda tarihi ya jingina kafa shi ga wata mata, Faɗimatu al-Fihriyya, a 859, ya kuma zama ɗaya daga cikin tsofaffin cibiyoyin karatu da ba su daina aiki ba. 'Yan taku kaɗan daga nan zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani take, inda aka binne shi a 1815. Duk wanda ya san matsayin Tijjaniyya a Kano da Zariya da Damagaram ba zai yi mamakin jin Hausa a ƙofar zawiyar ba. Mun sa Juma'a ta same mu a Fas da gangan: yawancin shaguna suna rufewa, hayaniyar kasuwa ta lafa, bayan la'asar kuma a taru zikiri.

Akwai kuma majemar Fas, inda ake jiƙa fatu da rina su a ramuka kamar yadda ake yi ɗaruruwan shekaru. Ɗan Sakkwato yana da dalilin tsayawa a nan fiye da sauran baƙi. Wani kaso na fatar da Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko, ta jar akuyar ƙasar Hausa ce, wadda ayari ke ƙetarawa da ita Sahara zuwa Arewacin Afirka, daga can ta shiga Turai da sunan wasu. Maiɗakina, wadda sana'arta ɗinki ce, ta nemi a ba ta wuni guda cur na majema da marina da masaƙa, ba tare da an duba agogo ba. Ta ce, "Malam, kai ka zaɓi masallatai da makarantu, ni ka bar mini kasuwa." Haka muka raba: kowa yana da wuninsa, ɗayan ya bi shi a baya bai yi ƙorafi ba. Ina ganin wannan ƙa'ida ta fi kowace taswira amfani ga ma'aurata.

Daga Fas hanya tana haurawa ta Ifran da dazuzzukan Azru, inda dusar ƙanƙara ke sauka da hunturu. Za mu yada zango a Midalt, washegari mu bi kwarin kogin Ziz, inda dabino ya yi layi kore shar tsakanin jajayen duwatsu har zuwa yankin Tafilalt. Oktoba lokacin girbin dabino ne a can, kuma zafi ya sassauta. Da bazara rana tana wuce ma'auni 40 a wannan yanki, da tsakiyar hunturu kuma dare yana kusan daskarewa. Shi ya sa masu hankali ke zaɓar Maris zuwa Mayu, ko Oktoba da Nuwamba.

A gefen garin Risani akwai kangon da motocin 'yan yawon buɗe ido ke wucewa a guje, ni kuwa saboda shi na zana hanyar gaba ɗaya. Sijilmasa ke nan, wadda aka kafa a 757, ta shafe ƙarnuka tana zaman ƙofar arewa ta cinikin zinariya da gishiri. Daga nan Ibn Baɗɗuɗa ya bi ayari a 1352, ya yi kwana 25 kafin ya isa ma'adinin gishirin Tagaza, ya zarce Mali. A hanyarsa ta dawowa ya biyo ta Takadda, a ƙasar Nijar ta yau, ya kuma rubuta cewa ana kai tagullar garin zuwa Gobir da Barno. Yanzu abin da ya rage na Sijilmasa 'yan guntayen bangon ƙasa ne da iska ke ci. Mutumin da ya taso yana kallon ganuwar Kano tana zubewa ana yanka filaye a kanta, ya kamata ya tsaya a wannan kango ya yi shiru na ɗan lokaci. Birnin da hanyar ciniki ta kauce masa, mutanensa kuma suka daina yaɓe, haka ƙarshensa yake.

Marzuga tana gaba kaɗan, a gindin tuddan rairayin Shabbi, waɗanda wasunsu ke kai mita 150. Kwana biyu muka ba ta. Masu kwana ɗaya suna isowa a gajiye dab da magariba, a ɗora su kan raƙumi, a yi hoto, a tashe su da asuba a koma mota. Dare na biyu shi ne na hamada: babu inda za a je, babu abin da za a saya, waya ma sai ta ga dama. Miji da matar da suka shekara suna magana a tsaitsaye tsakanin aiki da yara da baƙi, a nan za su sami zaman da gida ya hana su. A yi tambaya tun kafin a biya: tantin yana da banɗaki nasa? Akwai mota ga wanda bayansa ko gwiwarsa ba za su jure raƙumi ba? Mace mai juna biyu ko mai ciwon baya ba ta da dalilin hawan raƙumi don a ce ta hau.

Daga nan sai yamma, kwana ɗaya a kusa da kwazazzabon Tudga, ɗaya a Ait Bin Haddu. Wannan ƙauye ne na sorayen jar ƙasa da suka hau kan tudu, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1987. Ginin ƙasa ne irin wanda muke rushewa a gida muna kiransa ƙauyanci, ga shi a can mutane suna tahowa daga nisan duniya domin su gan shi. Bayan shi hanya tana haura mashigar Tishka, mita 2,260 sama da teku. Yankin Atlas ne girgizar ƙasar Satumba 2023 ta fi yi wa ɓarna, inda kusan mutum 3,000 suka rasu, don haka abin da baƙo ya kashe a ƙananan masaukai da shagunan kan hanya yana isa hannun masu buƙata.

Kwana biyun ƙarshe na Marrakish ne, birnin da Murabiɗai suka kafa wajen 1070. Kowa zai nuna maka hasumiyar Kutubiyya da dandalin Jami'ul Fana. Ni kangon fadar Badi nake son mu gani, wadda Sarki Ahmadul Mansur ya gina, shi ne kuma ya aika rundunar da ta karya daular Songai a 1591. A sanadin wannan yaƙi aka kawo Malam Ahmad Baba na Tumbuktu Marrakish a ɗaure a 1594. Da aka sake shi ya zauna yana karantarwa, manyan malaman birnin suna ɗaukar karatu a gabansa, har ya koma gida a 1608. Fadar ta zama kufai, shamuwa ke sheƙa a bangonta, littattafan fursunan kuwa ana karanta su har gobe.

Saura maganar aljihu. Ɗan Nijeriya yana buƙatar biza, a nema da wuri. A yi kasafi da dirhami, a ware na tsaraba daban tun daga gida, domin tsarabar dangi ita ce ke cinye kuɗin kwana. Idan kuɗin bai kai na kwana goma ba, a rage garuruwa, a bar kwanakin yadda suke: Fas da hamada kaɗai sun isa tafiya. Madugan da ba su taɓa ƙetare Sahara da gudu ba, zango-zango suke yi, suna auna tafiyar da ƙarfin wanda ya fi kowa rauni a ayari. Magidancin da zai fita da iyalinsa ya ari wannan hikima, ya zauna da ita a zana hanyar tare tun kafin a sayi tikiti.