Tsohon Allo da Sabuwar Ƙwaƙwalwa

A Zango, garin da ke gabashin Daura daf da iyakar Nijar, akwai wani malamin sakandare da ya haɗa kwamfutar wasa a 2019. Da rana shi ke shirya takardun jarrabawa a kanta, da yamma kuma ƙaninsa ya kai ta shago, yara su biya su buga ƙwallo. Daga wannan ɗan ciniki ake biyan kuɗin makarantar yaron. Saboda haka da sababbin wasanni suka fara sarƙewa, yaran unguwa suka koma wani shago, maganar ta tashi daga nishaɗi ta zama ta abinci.

“Yaya, mu sayar da ita mu sayi sabuwa,” in ji ƙanin. Malamin bai amsa ba. Ya san cewa tun da aka saki darajar naira a Yunin 2023, duk kayan da ake shigowa da su da dala sun yi tsada, kuma abin da ya tara ba zai jure kuskure ko ɗaya ba.

Abin da ya fara fahimta shi ne, sassa uku ne ke tafiya tare: furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke lissafi, babban allon da komai ke zaune a kansa, da RAM, ma'ajiyar wucin gadi. Kowane allo yana da gurbin da ba ya karɓar sai irin furosesar da aka ƙera masa. Nasa allon B450 ne, mai gurbin AM4 da kamfanin AMD ya fitar a 2016. Sabon gurbin AM5, wanda ya zo a 2022, ba ya aiki sai da RAM nau'in DDR5, kuma tsohuwar DDR4 ba ta ma shiga raminsa. Ma'ana, komawa sabon zamani sayen abu uku ne a lokaci guda.

Amma gurbin AM4 ya yi tsawon rai. Allon da ke ɗauke da Ryzen 3 2200G mai cibiya huɗu yana iya ɗaukar Ryzen 5 5600 mai cibiya shida, muddin an sabunta manhajar BIOS da ke cikinsa. Wannan furosesar ba ta fitar da hoto da kanta, sai dai malamin yana da katin hoto tuntuni, don haka bai damu ba. Wutar da take ci, wat 65, daidai take da ta tsohuwar, abin da ke da muhimmanci ga mai dogaro da batirin sola.

Sai batun RAM. Sanda ɗaya ce mai gigabait 8 a ciki, alhali allon yana da hanyoyi biyu na zirga-zirgar bayanai. Sanda guda kamar rufe hannu ɗaya ne na titi mai hannu biyu. Ya yanke shawarar sayen sanduna biyu iri ɗaya, jimilla gigabait 16, maimakon haɗa sabuwa da tsohuwa waɗanda saurinsu ya bambanta.

Ranar Asabar ya shiga mota zuwa Kano, ya nufi titin Beirut. Wani mai shago ya nuna masa allo mai fitilu kala-kala. “Ranka ya daɗe, wannan ake yayi.” Malamin ya yi godiya, ya nemi abin da ya rubuto a takarda. Da yake furosesar AM4 ƙafafunta na jikinta ne, ya ɗaga ta a haske ya duba ko akwai wadda ta lanƙwashe, sannan ya sa aka gwada ta a gabansa kafin ya biya.

Mataki mafi haɗari a gida yake. Dole a sabunta BIOS tun tsohuwar furosesa tana ciki, domin allon bai san sabuwar ba tukuna. In kuwa wuta ta ɗauke ana tsakiyar aikin, allon na iya mutuwa baki ɗaya. Ya jira har tsakar rana, batiri ya cika, ya kashe firji da fanka. Minti kaɗan ne, amma shi da ƙanin ba wanda ya yi magana har injin ya sake tashi.

Daga nan ya kakkaɓe ƙurar hunturu da ta toshe fankar sanyaya, ya goge busasshen man da ke kan furosesa ya shafa sabo. A garin da zafin bazara ke haura digiri 40, furosesar da ta yi zafi takan rage gudu don kare kanta, kuma a ganinsa wani ɓangare na sarƙewar daga nan yake.

Da magariba wasan ya tafi sumul. Ƙanin ya tambaya yaushe za su koma AM5. Malamin ya ce sai ranar da shagon ya biya kuɗin da kansa, ya naɗe tsohuwar furosesar a takarda ya ajiye a akwati, ko wata rana za a buƙace ta.